Ajiye wayar tukuna: koya wa ƙaninka gane adadin da zai rabu tun kafin a raba

Hutun da ya wuce na je gida Tudun Wada, ana tsakiyar kakar masara. Samari tara suka yi wa kawuna aikin jinga, da yamma ya lissafa ya damƙa wa babbansu Naira 52,650. Babban ya zaro waya zai danna kalkuleta, ashe caji ya ƙare tun da rana. Nan fa gardama ta tashi. Wani ya ce kuɗin ba za su rabu daidai ba, a ba kowa dubu biyar da ɗari biyar, saura a sha shayi. Wani ya ce shi ba ya shan shayi, a ba shi haƙƙinsa. Ƙanwata 'yar aji biyar, wadda ta zo kwashe kwanukan abinci, ta tsaya ta ce, "Za su rabu fa, ko Naira ɗaya ba za ta rage ba." Aka yi mata dariya. Da aka aro waya aka danna, sai ga 5,850 cif.

Ni da nake jami'a ina tsaye a wurin, ban iya cewa uffan ba. Gaskiya ɗaya ce, ina cikin waɗanda suka gudo aikin jarida don su rabu da lissafi, kuma na san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi tafiyarmu ɗaya. A hanyar gida na tambaye ta yadda ta yi. Ta ce, "Yaya, ai tarawa ake yi. Biyar da biyu da shida da biyar da sifili, sha takwas. Sha takwas tana cikin gidan tara." Na ce to me ya haɗa tarawa da rabawa? Ta ɗaga kafaɗa: "Haka Malam ya ce."

Wannan amsar ce ta hana ni sukuni. Yarinyar ta riƙe dabarar, amma a matsayin hadda. Kai ma ka san yadda hadda ba fahimta take ƙarewa: ana gama jarrabawa ta bi iska. Mu ma an rera mana irin waɗannan ƙa'idoji a firamare, da Turanci, muna amsawa da ƙarfi, yau ga mu ko ɗaya ba mu tuna ba. Shi ya sa na zauna na nemo dalilin, kuma na tarar dalilin ya fi ƙa'idar sauƙi, matuƙar da kuɗi ka yi bayaninsa.

Ga yadda abin yake. Ɗauki Naira goma ka raba wa mutum tara. Kowa ya samu ɗaya, saura ɗaya. Ɗauki Naira ɗari: kowa 11, saura ɗaya. Naira dubu: kowa 111, saura ɗaya. Dubu goma: kowa 1,111, nan ma saura ɗaya. Ka ga abin? Kowace goma, kowace ɗari, kowace dubu, in an raba wa tara, Naira ɗaya tak take bari. To 52,650 ai dubu goma sau biyar ne, da dubu biyu, da ɗari shida, da goma biyar. Masu dubu goma sun bar Naira 5, dubunnan sun bar 2, ɗaruruwan sun bar 6, gomomin sun bar 5. Ragowar da ta taru a tsakiya Naira 18 ce, kuma ita ma za ta rabu, kowa biyu. Ashe tarawar da ƙanwata ke yi, ragowa take ƙirgawa ba ta sani ba.

Da na yi mata wannan bayanin da tsinken ashana da duwatsu a tsakar gida, ita da kanta ta ce, "Ke nan ta uku ma haka ne." Haka ne kuwa, don goma in an raba wa uku kowa uku saura ɗaya, ɗari kowa 33 saura ɗaya. Ban koya mata ba, ita ta gano. Kuma akwai garaɓasa: ko adadin bai rabu ba, tarawar za ta gaya maka saura nawa. Da kuɗin samarin nan 52,700 ne, jimillar lambobin 14, ka cire tara, saura 5. Naira biyar ce za ta rage bayan an raba.

Sauran ƙa'idojin ba sa buƙatar dogon zance. Ta biyu da ta biyar da ta goma duk lambar ƙarshe ake dubawa, domin duk abin da ke gabanta gomomi ne, goma kuwa tana rabuwa biyu, tana rabuwa biyar. Yaron da ya taɓa yin wasan cika ko mara da gyaɗa ya riga ya san ta biyu. Ta huɗu, lambobi biyu na ƙarshe, saboda ɗari tana rabuwa huɗu, kowa 25. Ta takwas, lambobi uku na ƙarshe, saboda dubu tana rabuwa takwas, kowa 125. Ta shida kuwa sai adadin ya ci jarrabawa biyu, ta biyu da ta uku.

A nan akwai rami da manya ma ke faɗawa. Yaro zai ɗauka tunda biyu sau shida sha biyu ne, duk abin da ya rabu biyu ya rabu shida zai rabu sha biyu. Ba shi 18 ya gwada. Ta rabu biyu, ta rabu shida, ta ƙi sha biyu. Dalili, shida tana ɗauke da biyu a cikinta, abu ɗaya ka tambaya sau biyu. Don sha biyu, uku da huɗu ake gwadawa. Kada ka gaya masa amsar da wuri, bar shi ya ɗan sha wahala da 18 ɗin nan.

Na san abin da ke ranka: "Malam, wa ke da lokacin wannan, ga kalkuleta a kowace waya?" Ba na faɗa da kalkuleta, ni ma da ita nake aiki. Matsalarta ɗaya, abin da ka danna take amsawa, ko da yatsanka ya zame. In kai ba ka da wata hanyar auna amsar a ka, duk abin da allon ya nuna shi ne gaskiya a wurinka. Tambayi abokanmu masu sana'ar POS yadda ake kwana ana neman inda lissafi ya ɓace.

Su masu POS ɗin ma ga tsaraba, tsohuwar dabarar akantoci ce. In ka rufe lissafi da dare ka ga giɓi tsakanin littafi da kuɗin hannu, duba ko giɓin yana rabuwa tara. In yana rabuwa, fara zargin ka juya lambobi biyu wajen rubutawa. Ka karɓi 7,200 ka rubuta 2,700, giɓin 4,500 ne, huɗu da biyar tara. Ka karɓi 5,400 ka rubuta 4,500, giɓin 900. Duk lokacin da lambobi suka musanya wuri, bambancin sai ya rabu tara, domin jimillarsu ba ta canja ba. Ba hujja ce ta kotu ba, amma kafin ka fara hararar yaron shagonka, ka koma kan littafin.

Da wannan tarar dai ake tantance lissafin sau. A ce kaya 23 ne, kowanne Naira 4,700, mai kaya ya ce kuɗinka 109,100. Tara lambobin 23, ka samu 5. Tara na 4,700, ka samu 11, sake tarawa, 2. Biyar sau biyu goma, wato 1. Yanzu tara lambobin amsarsa: 11, wato 2. Ɗaya da biyu ba su haɗu ba, akwai kuskure. Amsar gaskiya 108,100 ce, jimillarta 10, wato 1. Sai dai ka sani, in gwajin ya ce akwai kuskure to akwai shi tabbas, in ya ce lafiya, ba lallai ba, don ba ya kama lambobin da aka juya.

Dabarar ba ta yau ba ce. Tana cikin littafin lissafin da Fibonacci ɗan ƙasar Italiya ya rubuta a 1202, shi kuwa a garin Bijaya na Aljeriya ta yanzu ya koyi lissafi da waɗannan lambobin, lokacin da mahaifinsa ke harkar kasuwanci a can. Wato a hannun 'yan kasuwa da malaman Arewacin Afirka ya ɗauko abin ya kai gida. Mu ma nan ba baƙi ba ne a wannan fage. Je ka zauna kusa da malamin da ke rabon gado ka gani. Kason da aka ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, kuma aikinsa na farko shi ne nemo adadin da duk kason magadan zai fita a cikinsa ba tare da ɓari ba, irin su 6 da 12 da 24. Tambayar da ƙanwata ta amsa a gona ce, sai dai a nan haƙƙin marayu ne a kan tabarma. Alhasan Ɗantata ma, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ya yi fataucin goro da cinikin gyaɗa har ya zama attajirin da ake kwatance da shi a Afirka ta Yamma, a zamanin da babu mai yawo da kalkuleta a aljihu.

To ta ina za ka fara? Ni dai ban zaunar da kowa a aji ba. Ranar da za mu Kano, mota ta tsaya a Kwanar Ɗangora ana jiran fasinja, sai muka mai da lambobin motoci wasa. Kowace mota ta wuce, ta hanyar Zariya ko wadda ta fito ta dajin Falgore daga Doguwa, wanda ya riga faɗin ko lambobi ukun nan sun rabu uku ya ci. Kafin mota ta cika, wani yaro mai tallan rake ya shigo wasan, kuma wallahi ya fi mu sauri. Lambar waya ma tana yi, haka lambar katin caji da aka riga aka loda. Shekaru sun fi daɗi: dam ɗin Tiga da ke ƙasar Bebeji an kammala shi a 1974. Ƙarshenta huɗu, ta rabu biyu. Jimillarta 21, ta rabu uku amma ba tara ba, don haka ta rabu shida. Saba'in da huɗu ba ta rabuwa huɗu, ke nan Fabrairun shekarar kwana 28 ya yi. Adadi ɗaya, tambaya biyar.

Shawarata, ka yi da Hausa, kuma kada ka zuba masa ƙa'idoji bakwai rana ɗaya. Fara da biyu da biyar da goma, ka tsallaka uku da tara, ka daɗe a nan, don a nan daɗin yake. In ya ba da amsa daidai, kada ka tsaya a "madalla", ce masa "ta yaya ka sani?" In ya yi kuskure, ba shi duwatsu ya raba da hannunsa, ba ranƙwashi ba. Da yawanmu ranƙwashin ne ya kore mu daga lissafi, ba wuyarsa ba. Kuma ku 'yan'uwa mata, wannan aikin har da ku, don ku ƙannen suka fi zama kusa da ku da yamma.

Ta bakwai ce na so in ɓoye, don ita ba ta da kyan gani: ka cire lambar ƙarshe, ka ninka ta biyu, ka ɗebe daga abin da ya rage. Ga ƙananan adadi, raba kai tsaye ma ya fi sauri. Amma ƙanwata ta matsa, muka gwada da 1974 ɗin nan. Huɗu sau biyu takwas, a ɗebe daga 197, saura 189. Tara sau biyu 18, a ɗebe daga 18, sifili. Ta rabu, kowa 282. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To ita kuma me ya sa?" Na ce ta bari sai na dawo hutu. Jiya ta karɓi wayar Umma ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba ta gama ba ta ce, "Yaya, ka samo?"