Rubu'i da Sumuni a Kan Allo

Ranar da na shiga babin ɓangarorin lamba da 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Gwandu, na rubuta 1/4 da 1/8 a allo, na tambaya wanne ya fi girma. Kusan kowa ya ce na biyun, tunda takwas ta fi huɗu. Na ajiye alli, na dubi wata yarinya a layin gaba, na ce, "'Yata, in mutum ya rasu ya bar mata, me take samu a gado?" Ta ce, "Malam, in ya bar ɗa sumuni, in bai bari ba rubu'i." Na ce wanne ya fi yawa? Ta ce, "Rubu'i mana, Malam, ai ɗan ne ya rage mata." Na nuna mata allo na ce ga rubu'in, ga sumunin. Ajin ya yi tsit, can sai aka ɗauki hayaniya.

Tun daga ranar na daina ɗaukar yaranmu a matsayin waɗanda ba su san komai ba a wannan fanni. Garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, inda hubbarensa yake har yau, gari ne da ake karanta babin gado na Risala a zaure. Rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi, yaro yana jin su a bakin manya tun kafin ya sa rigar makaranta. Abin da bai sani ba shi ne cewa su ne malami yake rubutawa da lamba sama, lamba ƙasa. Dangantakar lissafi da gado ma tsohuwa ce: littafin aljabara da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban kasonsa a kan gado da wasiyya ne.

Kashi cikin ɗari kuwa, gona ce ta buɗe mini ƙofarsa. Ina da dangi a Kalgo masu noman shinkafa a fadama, damina da rani. Kowane manomi a can ya san shanshera ta damina ana fitar mata da ushiri, buhu ɗaya cikin goma, wadda aka shayar da injin ban ruwa kuma buhu ɗaya cikin ashirin. Sai in ce wa yara mu ɗauka an sami buhu ɗari. Nan take za su ce goma da biyar. To, ga kashi 10 da kashi 5 cikin ɗari. Zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in, ita ke kai mu ga 2.5, lambar da ke da ɗigo a tsakiya. Wani lokaci nakan zo da tsohon buhun taki mai 15-15-15 a jiki. Yara sun sha ɗaukarsa a ka, amma kaɗan ne suka san kowace 15 kashi ne cikin ɗari na sinadari guda.

Lambar ɗigo ce ta fi ba ni wahala, kuma na fahimci dalili. Da aka sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, kwabo ɗari ya zama naira ɗaya, malamanmu suka sami misali a aljihun kowa. Yaron yau bai taɓa sayen komai da kwabo ba, don haka zai rantse 0.25 ta fi 0.5. Ni takardar dubu ɗaya nake fitarwa: 0.5 ɗinta ɗari biyar, 0.25 ɗari biyu da hamsin, wanne za ka karɓa? Ba a taɓa samun mai zaɓar ƙaramin ba.

A kan 2:1 akwai tarkon da har manya ke faɗawa. A gado namiji kaso biyu, mace ɗaya. Sai yaro ya ce mace ta sami rabin dukiya. Nakan zuba 'ya'yan dabino a tebur, maza uku mata biyu, su gano da hannunsu cewa sai an kasa takwas.

Jarabawar ƙarshen aji uku da Turanci take zuwa, shi ya sa duk kalmar da muka kama da Hausa sai mun rubuta ta Turancinta a gefe, mun maimaita har ta zauna. Abin da na ƙi shi ne a fara da haddar ƙa'ida, a ce juya ka ninka, yaro bai san me ake juyawa ba. Na san manhaja tana da tsawo kuma aji ya cika maƙil, amma mako biyun da na kashe a nan yakan dawo mini a zango na gaba.

Bara na ba 'yan aji biyu wata mas'ala su tafi da ita gida: mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji rabi, su kuma sulusi biyu. Washegari wani yaro ya tare ni tun a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, uku cikin shida da huɗu cikin shida sun ba ni bakwai cikin shida, dukiyar ba ta isa ba!" Ya ce ya kai wa kakansa bayan sallar isha'i, tsohon ya gyara zama ya ce wannan shi ne auli, sai a kasa bakwai maimakon shida, kowa ya ɗan ragu. Na miƙa masa alli, ya fita ya rubuta 3/7 da 4/7.