Birni na cinye gonaki, yana haɗawa da sanin ganye da 'ya'yan itatuwa

Unguwanni da dama a Kano da sunan bishiya ake kiransu: Ɗorayi, Giginyu, Kurna, Tsamiyar Boka. Amma duk gonar da aka yanka filaye, itatuwanta ne ke fara faɗuwa, masu gawayi su kwashe, a jibge bulo. Asarar ba ta tsaya ga inuwa ba. Yaron da ya tashi bai taɓa tsintar kanya, ɗinya, tsada ko taura ba, ba zai san nunanniya da ɗanya ba. Yarinyar da ba ta ga ana dafa kalwa, a wanke ta, a rufe har ta yi daddawa ba, dunƙulen kanti kaɗai za ta sani. Tun 1916 wani masani mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirran ƙasar Hausa a littafi, sai dai suna a takarda ba ya koya wa kowa girki. Wannan sani a hannun iyaye mata yake, kuma da yi ake gadonsa.

Wasu za su ce ai tafasa da yaɗiya da gasaya abincin yunwa ne, wanda ya samu kabeji da latas me zai yi da su? Abin da ake raina su da shi kuwa shi ne amfaninsu: suna fitowa ba taki ba ban ruwa, a shekarar da hatsi ya ƙi. A yunwar 2005 a Nijar mutane da yawa anza ce ta riƙe su, alhali 'ya'yanta ɗaci ne da su, sai an jiƙa kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciyu. Wanda bai gaji wannan ba, ko bishiyar na ƙofar gidansa da yunwa zai kwana. Ga shi kuma mazaunin birni, da komai sai ya saya, shi tsadar abinci ke fara kayarwa. Abin kunyar ma, garin 'ya'yan kukar da muke yi wa kallon na ƙauye, tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga masu ganin dasa itatuwan nan a birni ba zai yiwu ba ita ce ta lokaci da wuri: ɗorawa na daɗewa kafin ta yi 'ya'ya, fili kuma ya yi tsada. Gaskiya ne, ba mai dasa giginya a tsakar gida mai ɗaki biyu. Amma zogale da rama da yakuwa ko a buhu suna yi, kuma magaryar aure da cibiyar ICRISAT ta yaɗa daga Sadore kusa da Yamai ba ta jinkirin haihuwa. Manoman Maraɗi ma tun shekarun 1980 suka nuna cewa barin kututture ya tofo ya fi sabon dashe sauƙi. Manyan itatuwa kuwa gurbinsu harabar makarantu da masallatai da asibitoci da gefen titi, inda yanzu darbejiya ta mamaye. Hukumomin tsara birane na iya hana sare ɗorawa da kuka da tsamiya lokacin yanka filaye, masu unguwanni su sa ido, makarantu kuma su riƙa gayyato tsofaffin mata su nuna wa ɗalibai yadda ake kwaɗon tafasa da miyar karkashi.