Hoton da aka yi wa faci da jikinsa: abin da ya kamata ku sani

Wane irin maguɗi ne wannan?

Mutum zai kwafi wani yanki na hoto a kwamfuta, ya manna shi a wani wuri cikin hoton nan dai, ko don ya rufe abin da ba ya so a gani, ko don ya ƙara yawan abu, kamar jama'a a filin taro. Da wuya ido ya kama shi, domin haske da launi duk na hoto ɗaya ne, sai facin ya saje.

An taɓa kama irinsa?

Ƙwarai kuwa. A watan Yulin 2008 kafar Sepah News ta dakarun juyin juya halin Iran ta saki hoton makamai masu linzami huɗu suna tashi sama. Kamfanin dillancin labarai na AFP ya rarraba shi, manyan jaridun Amurka suka buga a shafin farko. Da aka zura ido, sai ga ƙurar da ke gindin na uku daga hagu sak da ta maƙwabcinsa na dama. Wani hoton ya fito daga baya: uku ne suka tashi, ɗaya na nan kan motarsa bai motsa ba. AFP ya janye hoton.

Ta yaya kwamfuta ke ganewa?

Ƙura ko gajimare ba sa maimaita kansu tsaf, nan asirin yake tonuwa. Manhaja tana yanka hoton gutsi-gutsi, ta gwada kowane gutsure da sauran, ta sa alama inda ta sami tagwaye. Jessica Fridrich da abokan aikinta a Jami'ar Binghamton ta Amurka sun bayyana wannan dabara a 2003. In mai maguɗin ya juya facin ko ya ƙara masa girma, akwai wata hanyar da ke bin kusurwoyi da gefunan abubuwa maimakon gutsattsarin.

Za ku ce, ai tagogin bene ma iri ɗaya ne. Gaskiyarku, kuma manhaja takan ruɗe a nan. Ita nuni kawai take yi, hukunci na mai dubawa ne.

Su wa abin ya shafa?

Ba 'yan jarida kaɗai ba. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba maƙalun kimiyya sama da 20,000, suka sami hotunan da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba a kusan ɗaya cikin 25, ko da yake wasu kuskure ne.

Nawa binciken hoto zai ci muku?

Kuɗin data kawai. Shafin Forensically, mai binciken irin wannan faci, kyauta ne a intanet. Sai dai ku nemi ainihin hoton, domin wanda ya sha yawo a WhatsApp an matse shi, alamun da ake nema sun dushe.