Me ya sa hutun iyali a Dubai ya yi tsada?

Dubai ta daɗe tana jan hankalin masu hali daga unguwannin Kano irin su Gyadi-Gyadi da Tarauni, inda yara kan hau raƙuma a hamada, su yi wasa a bakin teku.

To sai dai a watan Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, ba ta janye matakin ba sai a Yulin 2024.

A tsakanin nan ne darajar naira ta faɗi, daga kimanin 460 kan dala ɗaya a farkon 2023 zuwa fiye da 1,500 a 2024.

Da yake dirhami na tafiya ne tare da dala, kuɗin masauki a naira ya ninka har sau uku.