Fenti Aikin Gida Ne, Tsagar Wili Kuwa A'a

Mota ko ta kwana biyu, in ƙafafunta huɗu suna sheƙi sai ka ce jiya aka sauke ta daga jirgi. Dillalan motocin kwatano sun daɗe da gane haka, shi ya sa kafin a ɗora wa mota galan a kai ta bakin titi, wili ake fara wankewa a fesa masa fenti. Yanzu da gwangwanin fentin fesawa ya cika kasuwa, ga kuɗin aiki ya yi tsada, masu mota da dama sun koma yin abin da kansu a ƙofar gida. Ban ga laifin hakan ba. Inda haɗarin yake shi ne ana haɗa ayyuka biyu mabambanta a kira su da suna ɗaya, wato gyaran wili. Na farko aikin fata ne: kankare tsatsa, goge ƙujewar da bakin kwalbati ya yi, sabunta fenti. Na biyu aikin ƙashi ne: miƙar da wilin da ya lanƙwashe, ko ɗinke wanda ya tsage. Mai haƙuri da samfefa zai iya na farko a tsakar gidansa, ya kuma yi kyau. Na biyun kuwa, musamman a wilin alminiyam, ya fi ƙarfin gida, kuma mugun abin shi ne fenti yana iya lulluɓe shi har mai motar ya manta da shi.

Dalilin yana cikin ƙarfen kansa. Ƙananan motoci wili iri biyu suke ɗauka. Akwai na baƙin ƙarfe, wanda ake rufe muninsa da murfin roba, akwai kuma na alminiyam mai ado. Baƙin ƙarfe yana da nauyi, kusan ninki uku na alminiyam in girmansu ɗaya, amma yana da haƙuri: in ya faɗa rami lanƙwashewa yake yi, in kuma lanƙwasar kaɗan ce a leɓensa ana iya mayar da ita. Na alminiyam yawanci zuba shi ake yi a narke cikin mazubi, kuma ba alminiyam zalla ba ne. Haɗin da aka fi amfani da shi, mai lamba A356, yana ɗauke da silikon kimanin kashi 7 cikin 100, da ɗan maganiziyam da bai kai rabin kashi ɗaya ba. Bayan zubi sai a gasa wilin na awoyi a zafin wajen digiri 540, a tsoma shi a ruwa nan take, sannan a sake ɗumama shi a wajen digiri 160 na wasu awoyin. Wannan gashin ne ke haifar da wasu ƙwayoyi a cikin ƙarfen, waɗanda ido ba ya gani, su ne suke ɗaure shi har ya iya ɗaukar mota. Ke nan ƙarfin wilin daga wutar da aka auna masa a masana'anta ya same shi, kuma duk wanda ya sake kai masa wuta da ka, warware wancan aikin yake yi.

A nan mai walda na bakin hanya yake shiga tsaka mai wuya, ko da gwani ne. Baƙin ƙarfe in ya ji wuta yakan yi ja, maƙeri ya dubi launinsa ya san inda aka kwana. Alminiyam ba ya nunawa: yana nan da farinsa har ya kusa digiri 600 ya fara zubewa. Tun kafin a je nan, zafin da ya haura digiri 200 in ya daɗe ya isa ya sassauta shi. Shi ya sa ɗinkin walda kan fito sumul, alhali naman da ke gefensa ya yi laushi, kuma a nan sabuwar tsaga ta fi son ɓullowa. Guduma a sanyi ma ba mafita ba ce, don alminiyam na zubi ba ya son a tanƙwara shi sau biyu. Rami ya kai shi, guduma ta dawo da shi, tsakanin nan sai wata tsaga siririya kamar silin gashi ta buɗe. A Jamus, inda motoci ke gudu a wasu manyan hanyoyi ba tare da ƙayyade musu iyaka ba, ba a yarda a yi wa wilin alminiyam walda ko a miƙar da shi a mayar kan titi ba. Abin da aka amince da shi goge ƙujewa ne da zurfinta bai wuce milimita 1 ba, shi ma a kusa da leɓe. Akwai kuma abin da ya fi duka muni, wato kai wuta ga wili alhali taya na jikinsa. Zafin yakan sa robar ta fara cin kanta daga ciki, iskar ta hauhawa, tayar ta tarwatse, wani lokaci bayan an riga an ajiye kan waldar.

Tsaga kuma ba ta zama inda aka bar ta. Zagayen tayar ƙaramar mota kusan mita 2 ne, wato tana juyawa kimanin sau 500 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar da ta haura kilomita 200, kowane wili ya juya sama da sau 100,000, kuma a kowane juyi nauyin kilo 300 zuwa 400 yana danna shi ya saki, ko da ba a yi wa motar lodi ba. Duk yaron da ya taɓa karya waya da tanƙwasawa gaba da baya ya san ƙarshen wannan wasan.

Za a ce, ai ga motocin haya nan suna kai-komo da wili mai ɗinki shekara da shekaru, ba abin da ya same su, kuma wanda ke neman na cefane ba za a ce masa ya jefar da wili saboda tsagar da ba ta kai tsawon yatsa ba. Magana ce mai nauyi, bai kamata a share ta ba. Sai dai shaidar da aka kawo gurguwa ce, don waɗanda suka tsira kawai muke gani a tasha. Wilin da ya saki iska farat ɗaya ana tsakiyar gudu, abin da shaidu za su ce shi ne taya ta fashe, da wuya wani ya koma ya juya ƙarfen ya duba. Gaskiya ne a wasu ƙasashe akwai shagunan da ke miƙar da ƙaramar lanƙwasa da injin matsi suna aunawa, su ɗinke tsagar leɓen ciki da waldar agon. Amma su ma masu mutunci a cikinsu ba sa taɓa tsagar da ta kama hannuwan wili ko ta kusanci ramukan noti, kuma ba ɗaya daga kayan aikinsu da ake samu a tsakar gida. Batun kuɗi kuwa, ba dole sai sabon wilin alminiyam ba. Na baƙin ƙarfe a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya fi araha, muddin faɗinsa da yawan ramukansa da tazararsu da ramin tsakiya sun dace da motar, aka kuma tabbatar notin ya zauna, don notin wilin alminiyam na wasu motoci ba ya kama na ƙarfe daidai. In kuma na hannu za a saya, wanda ya sha sabon fenti shi ya fi cancantar tuhuma. Kyan ɗan maciji ba sabon abu ba ne a kasuwar kayan mota.

Wannan ne ma ya sa nake ganin babban amfanin fentin gida ba sheƙin ba ne, damar dubawa ce. Mutum zai yi shekaru da mota bai taɓa ganin bayan wilinta ba, alhali leɓen ciki, wanda ba shi da hannuwan da ke tallafe shi, shi rami ya fi yi wa illa. In an ɗaga mota, aka tokare ta da abin da ya fi jak aminci, a juya wilin a hankali kusa da wani tsayayyen abu, lanƙwasa za ta nuna kanta. In an cire shi an wanke ciki da waje, ruwan sabulu a gefen taya zai tona inda iska ke zurarewa. Akwai kuma tsohuwar dabarar da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi amfani da ita tun kafin zuwan na'urori: a shafa kananzir a ƙarfen da aka kankare, a bar shi ya shiga, a goge tas, a barbaɗa garin alli. In da tsaga, man da ya maƙale a ciki zai tsattsafo ya zana layi a kan farin. Dabarar tana kama tsagar da ta buɗe sosai, ba ta ba da tabbacin babu ƙarama, amma in layi ya fito, magana ta ƙare, a mayar da gwangwanin fenti aljihu.

In wili ya tsallake wannan, sauran aikin haƙuri ne, kuma yawancinsa kafin a taɓa gwangwani ake yin sa. Fenti ba ya kama maiƙo, ba ya kama ƙurar birki, wadda galibinta garin ƙarfe ne da ke maƙalewa da zafi. A wanke, a goge ƙujewa da samfefa mai kaushi kamar lamba 180, a bi da 320 ko 400 har yatsa ya daina jin gaɓa. Kada a yi gangancin jiƙa alminiyam da soda mai ƙuna don cire tsohon fenti, cin ƙarfen take yi. Inda aka kai ga tsiraicin alminiyam, sai an fara da fentin shimfiɗa mai ɗan asid wanda aka yi don shi, domin da zarar iska ta taɓa alminiyam yakan yi wata 'yar fata da fenti na yau da kullum ba ya riƙewa. Daga nan a fesa launi shafi-shafi, siriri, daga nisan kamar taƙi guda, ana ba da mintuna kamar goma tsakani, a rufe da fenti mai garai-garai. Mai gaggawa da ya zuba da kauri sau ɗaya, hawaye zai gani suna gangarowa. Yanayinmu ma yana da ta cewa: ƙurar hunturu tana sauka a ɗanyen fenti, zafin bazara yana busar da feshin tun yana iska ya sauka kamar yashi, laimar damina kuma tana sa shi ya yi hazo. Safiya a inuwa, wurin da iska ke wucewa amma aka yayyafa wa ƙasa ruwa, ita ta fi. Fentin nan mai haɗi biyu da ake zuba wa maganin tauri ya fi ƙarko, amma tururinsa yana iya jawo asma, kuma takunkumin kyalle ba ya tare shi. Wannan a bar wa mai kayan kariya, kuma ko wane iri ne, yara su yi nisa.

Wani zai ce duk wannan ƙawa ce, mota ai tafiya ake nema. A wilin ƙarfe ba haka ba ne: fenti ne ke tsakaninsa da tsatsa, kuma tsatsar da ta ci inda bakin taya ke zama ita ce ke sa a riƙa zarya wurin mai faci ana neman ƙusar da babu ita. Amma akwai wuraren da fentin kansa ke zama haɗari, kuma su mai aikin gida ya fi mantawa. Bayan wili, inda yake manne da ƙafar mota, da mazaunin kowane noti, dole a rufe su da tef su zauna ƙarfe zalla. Abin da ke riƙe wili matsi ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. In fenti mai kauri ya shiga tsakani, za a ɗaure noti a ji ya yi tauri, sai zafin birki da girgizar hanya su murƙushe fentin, matsin ya ragu, noti ya fara wasa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. In an ɓamɓare dalmar da ke daidaita nauyin wili don a ji daɗin fesawa, sai an koma an sake balansin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a guje. Wurin mayarwa kuma a ɗaure noti a gicciye, ba bi da bi ba, kuma ba da tsalle a kan sifana ba. Kowace mota da ma'auninta a littafinta, Corolla alal misali Nm 103 ne. Bayan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a tsaya a sake bin notin ɗaya bayan ɗaya.