Me ya sa rana ke faɗuwa jawur a damina, amma ta koɗe a hunturu?

Duk wanda ya taɓa ratsa gadar Kennedy a Yamai da almuru cikin watan Satumba ya san yadda yamma ke rinewa: ja, ruwan goro da ruwan ɗorawa su kwanta bisa kogin Isa. Amma a watan Janairu, a wuri guda kuma a lokaci guda, sai rana ta zama kamar farin faifai, ta nutse cikin hazo tun kafin ta kai ƙasa. Ranar ba ta sauya ba. Abin da ke cikin iskar da muke shaƙa ne ya sauya.

Hasken rana da muke gani fari, a haƙiƙa haɗakar launuka ne, waɗanda bakan gizo ke rarrabawa. Kowane launi na tafiya kamar igiyar ruwa, kowane da tsawon takunsa: ja mai dogon taku, shuɗi mai gajere. Idan hasken ya shigo sararin da ke lulluɓe da duniya, sai ya yi karo da ƙwayoyin iska da ido ba ya gani. Waɗannan sun fi warwatsa shuɗi, kusan ninki biyar zuwa shida a kan ja. Shi ya sa sama ke shuɗi da rana tsaka. Wani masani ɗan Ingila, Lord Rayleigh, ne ya fayyace haka a 1871.

Da almuru kuwa hanyar ce ke ƙara tsawo. Lokacin da rana ke tsakar ka, haskenta na saukowa kai tsaye. Idan ta gangara, sai ya keta iskar a karkace, ya ratsa kusan ninki 38 na abin da yake ratsawa da tsakar rana. Kafin ya iso idonmu, shuɗin ya zube a hanya, ja da ruwan goro suka rage. In akwai gajimare a can sama, su ne ke karɓar jan su haska da shi, kuma damina ce ke da su, ga ruwan sama ya wanke iska tas. Wani abin mamaki: iska na lanƙwasa haske, ta yadda ranar da kake gani tana taɓa ƙasa ta riga ta faɗi, hotonta ne ya ɗan jinkirta.

Mutane da dama na zaton ƙura ce ke ƙawata faɗuwar rana. Ƙurar hunturu dai ba ta yin wannan aikin. Ƙwayoyinta manya ne, ba sa zaɓen launi, kusan duka suke watsarwa, sai sama ta yi fari-fari, launi ya dusashe. Bajamushe Gustav Mie ya yi bayanin irin wannan a 1908. Siraran ƙwayoyin da ke can ƙololuwar sama su ne ke ƙara ja, kamar yadda aka gani a ƙasashe da yawa bayan aman wutar dutsen Pinatubo na Filifin a 1991.

Babban tushen hazon da ke rufe Damagaram, Maradi da Tawa shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi, busasshen gindin wani tsohon babban tafki. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashi farar ƙasar ta nufo kudu maso yamma. Har Kudancin Amurka wani ɓangarenta ke kaiwa.

A nan ne zancen ya wuce na kallo. Koɗaɗɗiyar rana alama ce ta cewa ƙura ta cika iska, kuma ita ce ke shiga hanci da ƙirji. Masu asma, jarirai da tsofaffi ne ke fara ji a jika. Lokacin rani kuma shi ne na sanƙarau, domin busasshiyar iska mai ƙura na raunana maƙogwaro, ƙwayar cutar ta samu kafa. Ba a manta da annobar 2015 ba, wadda ta halaka sama da mutum 500 a Nijar. Cibiyar ACMAD da ke Yamai na bin diddigin ƙura da laimar iska don yin gargaɗi tun da wuri.

Jan almuru na da gurbi a ibada ma. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar nan, lokacin isha'i na shiga ne idan jan shafaƙi ya ɓace, wato ragowar hasken da ke dukan saman iska bayan rana ta faɗi. Da yake muna kusa da tsakiyar duniya, rana na nutsewa a miƙe, shafaƙin ba ya daɗewa kamar a Turai. A ranakun da hazo ya yi kauri kuwa, jan ba ya ma fitowa sosai balle a ga ɓacewarsa, sai ladan ya koma ga agogo da jadawalin sallah.