Yadda Ake Tantance Kayan Karatun Jarrabawar CCNP da CCIE

Kamfanin Cisco na Amurka, mai ƙera na'urorin haɗa kwamfutoci, yana ba da takardun shaidar ƙwarewa mataki-mataki: CCNA ta masu farawa, CCNP ta matsakaita, sai CCIE wadda aka ƙirƙiro a 1993, ita ce ƙololuwa. Yawancin masu neman matakan sama ma'aikata ne da ke karatu da kansu bayan an tashi daga aiki, don haka zaɓen abin da za a karanta shi ne shawara ta farko mai nauyi.

Ma'auni na farko shi ne jadawalin batutuwa da Cisco ke wallafawa kyauta ga kowace jarrabawa. A ranar 24 ga Fabrairu, 2020, kamfanin ya sauya tsarinsa gaba ɗaya, ya soke tsoffin jarrabawa uku na CCNP, wato ROUTE da SWITCH da TSHOOT. Yanzu mai neman CCNP Enterprise sai ya ci babbar jarrabawa mai suna ENCOR, lamba 350-401, sannan ya ƙara ɗaya ta fannin da ya zaɓa, kamar ENARSI. A jadawalin ENCOR na 2020, ginin hanyar sadarwa ya ɗauki kashi 30 cikin ɗari, tsaro kashi 20, sarrafa na'urori da manhaja kashi 15. Tsohon littafin da aka buga kafin wannan sauyi zai iya koyar da OSPF, ƙa'idar da na'urori ke bi wajen zaɓen hanya, da kyau, amma ba zai ce uffan kan rubuta umarni da harshen Python ba. Shi ya sa a fara duba shekarar bugu da lambar jarrabawar da ke bangon littafi kafin a yi cinikinsa, musamman idan na hannu ne.

Littattafan Cisco Press su ne ginshiƙi, domin babi-babi suke bin jadawalin. Rauninsu shi ne taƙaitawa: sukan taɓa batu mai zurfi su wuce. Mai son fahimtar dalilin abu sai ya koma ga irin littafin Jeff Doyle, Routing TCP/IP, wanda duk da tsufansa har yau ana komawa gare shi, ko kuma ga takardun asali, kamar RFC 2328 na ƙa'idar OSPF da RFC 4271 na takwararta BGP. Waɗannan kyauta ne a intanet, sai dai karatunsu sai mai haƙuri.

Darussan bidiyo suna da daɗin bi, kuma a nan haɗarinsu yake. Mutum zai kalli malami yana buga umarni komai na tafiya daidai, ya ɗauka ya iya, alhali hannunsa bai taɓa komai ba. Gani ga wane bai isa ba a wannan fage. Bidiyo mai amfani shi ne wanda malamin ke ɓata tsari da gangan, sannan ya nuna yadda ake bin sawun matsalar.

Inda ake rarrabe aya da tsakuwa shi ne wurin gwaji. Jarrabawar CCIE ta aikin hannu awa takwas ce cur, kuma kuɗinta dala 1,600 ne a zama ɗaya, ban da kuɗin tafiya. Packet Tracer kyauta ce kuma ta ishi mai CCNA, amma kwaikwayon na'ura kawai take yi, umarni da yawa na matakin sama babu su a cikinta. GNS3 da EVE-NG da Cisco Modeling Labs kuwa suna tafiyar da ainihin manhajar na'urorin, don haka abin da ya faru a kansu shi zai faru a wurin aiki. Suna cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai, kuma manhajar Cisco da ake ɗora musu tana buƙatar lasisi. Ga ɗalibi a Kano ko Zinder, inda wuta ke zuwa tana tafiya kuma data ke da tsada, gwajin da ke aiki a kan kwamfutar cinya ba tare da intanet ba ya fi wanda ake haya a kan layi.

Saura tambayoyin gwada kai. Masu kyau, irin na kamfanin Boson, suna bayyana dalilin da ya sa amsa ta zama daidai da dalilin da sauran suka kauce. Akwai kuma tarin tambayoyin da ake satowa daga ɗakin jarrabawa ana sayarwa da alkawarin cin nasara. Amsoshinsu sau da yawa kuskure ne, kuma Cisco na ɗaukar amfani da su a matsayin maguɗi, tana iya ƙwace shaidar wanda aka kama, ta kuma hana shi sake zama. Shaidar ita kanta shekara uku take yi kafin a sabunta ta, saboda haka wurin gwajin da aka gina yau za a sake komawa kansa.